Ƙaiƙayin Da Bai Koma Kan Masheƙiya Ba

Hausawa sun ce ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, watau wanda ya ƙulla sharri a kansa ya ke ƙarewa. Kowa ya taɓa tsayawa a masussuka da kaka, a Kwa ko Tumfafi ko Marke, ya ga gaskiyar wannan magana da idonsa. Amma cikin sha'anin wasiƙun imel, waɗanda yanzu ke ɗauke da takardu masu yawa na ofis da makaranta da ciniki, akwai wani irin ƙaiƙayi da ba ya komawa kan mai shiƙa. Iska ta kan kwashe shi ta zuba kan wani mutum dabam, wanda ke zaune a gidansa, bai ma san an yi sussuka ba.

Ga yadda abin ya kan zo. A ce akawu ne na wani attajiri a kasuwar Dawanau ta ƙasar Dawakin Tofa, mai sayen riɗi da zoɓo yana aikawa ƙasashen waje. Ran Litinin da safe ya buɗe akwatin imel na ofis yana jiran amsar wani mai saye, sai ya tarar da wasiƙu ɗaruruwa sun cika shi. Ba mutum ne ya rubuto su ba. A kan kowace an sa Mailer-Daemon ko Postmaster, kuma duk magana ɗaya su ke yi: wasiƙar da ka aika wa wane ba ta isa ba, ga ta mun mayar maka. Waɗansu da Turanci, waɗansu da Jamusanci, waɗansu da rubutun da bai taɓa gani ba. Ya duba sunayen, babu wanda ya sani. Ya duba abin da aka ce ya aika, sai ya ga tallar magani, ko albishir na wata gasa da ba a yi ba. Kafin azahar wani baƙo ya rubuto yana zaginsa, maigida kuma ya ce a kira shi ya faɗi abin da ya ke yi da akwatin ofis.

Irin wannan yana iya samun akawun ƙaramar hukuma, yana iya samun malamin makaranta da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Abin da mu ke so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, komowar wasiƙa gare ka ba shaida ba ce cewa kai ka aika ta. In an gane dalilin haka, an gane rabin maganin.

YADDA GIDAN WAYA YA KE YI TUN DA

Tsofaffin akawunan En'e ba za su ga baƙon abu a nan ba. A zamaninsu, in an rubuta wasiƙa a ofishin Hakimi a Dawakin Tofa za ta Zariya ko Ikko, sai a sa ta a ambulan, a rubuta sunan wanda za a kai wa a gaba, a rubuta na mai aikawa a baya, a manna kan sarki. Ta isa babban gidan waya na Kano, a buga mata hatimi mai sunan gari da kwanan wata, ta bi jirgin ƙasa. In an je ba a sami mai ita ba, ko ya ƙaura ko ya rasu, ma'aikacin gidan waya ya kan juya ambulan ya dubi sunan da ke baya, ya mayar da ita can.

To, lura da abu guda. Babu ranar da ma'aikacin ya tambayi mai jefa wasiƙa ko sunan da ke baya nasa ne. Da wani maƙetaci zai zauna a Sabon Gari ya rubuta wasiƙu goma na cin mutunci, ya sa sunan wani malami na Ɗanguguwa a bayan kowace, waɗanda ba su sami masu su ba duk Ɗanguguwa za su nufa. Abu biyu ne su ka hana wannan yawaita. Na ɗaya, kowace wasiƙa sai an saya mata kan sarki, mai son aika dubu sai ya biya kuɗin dubu. Na biyu, hatimin gidan waya ba ya ƙarya: ko me aka rubuta a baya, hatimi zai nuna garin da aka jefa ta.

INDA ƘOFAR TA KE A BUƊE

Wasiƙar imel ta gaji wannan tsari kusan ɗungum. Wani injiniya na Amurka, Ray Tomlinson, shi ya fara aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a 1971, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ ta raba sunan mutum da sunan gidansa. A watan Agusta 1982 wani masani mai suna Jon Postel ya fitar da ƙa'idar da a ke kira SMTP, wadda har yau, bayan gyare-gyare, ita ce hanyar da wasiƙun imel ke bi. A lokacin kwamfutocin da ke haɗe da juna 'yan ɗaruruwa ne, na jami'o'i da ma'aikatun bincike, masu kula da su kuwa kusan duk sun san juna. Saboda haka ba a sa wata hanyar tabbatar da sunan mai aikawa ba. An gina gidan ne cikin dangi, ba a ga dalilin yi masa ƙyaure ba.

Manyan kwamfutocin da ke karɓar wasiƙu suna rarraba su, bari mu kira su gidajen waya na intanet. In ɗaya zai miƙa wa ɗaya wasiƙa, ya kan fara faɗin abu biyu: daga wane ta fito, kuma ga wanda za a ba. Wannan shi ne ambulan, mai karanta wasiƙa ba ya ganinsa. Sa'an nan a miƙa takardar kanta, wadda a samanta akwai wani layi kuma mai nuna sunan mai aikawa, shi ne wanda ka ke gani a fuskar wayarka. Sunayen nan biyu, na ambulan da na takarda, mai aikawa ne ke rubuta su da hannunsa, kuma yana iya rubuta abin da ya ga dama. Ba ya bukatar kalmar sirrinka, ba ya bukatar shiga akwatinka, kamar yadda maƙetacin Sabon Gari bai bukaci mabuɗin ɗakin malamin Ɗanguguwa ba. In wasiƙa ta kasa isa, sunan da ke kan ambulan a ke mayar wa.

Kan sarki kuwa babu shi. Aika wasiƙa dubu ɗari bai fi aika guda ɗaya wahala ba. Da ƙofa a buɗe, da hanya kyauta, ba abin mamaki ba ne masu wasiƙun banza su ka yi sansani a wurin.

SU WA KE YI, KUMA DON ME

Masu aika wasiƙun banza suna tara adireshin mutane barkatai, daga takardun talla, da jerin sunayen da aka sata, da waɗanda su ka ƙaga da ka. Da yawa cikin adireshin nan matattu ne, ba mai amfani da su. Sun san wasiƙu masu yawa za su komo, sun san kuma masu fushi za su yi amsa, ba su kuwa son ko ɗaya ya same su. Ga shi kuma gidajen waya da yawa ba su karɓar wasiƙar da sunan gidan mai aika ta bai wanzu ba. Saboda haka sai su ɗauki sunan wani mai gaskiya cikin jerin nan nasu su liƙa. Yawanci ba su san shi ba, ba su da wata gaba da shi, tsautsayi ne kawai ya faɗa kansa.

Amma wani lokaci da gangan a ke yi, don a shafa wa mutum kashin kaji. Wani Ba'amurke mai suna Joe Doll, wanda ke ba mutane wurin ajiye bayanansu a intanet kyauta, ya kori wani daga wurinsa saboda aika wasiƙun banza. A watan Janairu 1997 wanda aka kora ya rama ta hanyar watsa wasiƙu masu tunzura mutane da sunan Joe ɗin. Jama'a su ka yi masa ca, har aikinsa ya tsaya na kwanaki. Tun daga nan ma'aikatan kwamfuta ke kiran irin wannan ƙeta da sunansa. A cikin shekarar kuma wata kotu a jihar Texas ta yi shari'ar wani ɗalibi da ya watsa talla da sunan adireshin flowers.com ba da izinin masu shi ba. Wasiƙu dubbai su ka komo kansu, akwatinsu ya toshe. Kotu ta hana shi sake yi, ta kuma sa ya biya diyya fiye da dala 13,000.

Bayan haka sai ƙwayoyin cutar kwamfuta su ka koyi dabarar. Wadda aka kira Sobig.F, da ta ɓarke a watan Agusta 2003, in ta kama kwamfutar mutum sai ta kwashe adireshin da ta samu a ciki, ta aika kanta ga wannan da sunan wancan. Mutane masu lafiyayyun kwamfutoci su ka yi ta samun takardun gargaɗi cewa sun aika cuta, alhali wanda ke da cutar yana can bai sani ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Mu a Nijeriya mun san wannan ciwo tun kafin imel ya yaɗu. Wasiƙun damfara da duniya ta sani da lamba 419, watau lambar sashen da ya hana zamba cikin dokar laifuffuka da a ke aiki da ita a jihohin Kudu, sun fara ne a kan takarda, da sunayen aro da hatimai na jabu na Babban Bankin Nijeriya da kamfanin mai na ƙasa. A shekarun 1990 sai da Babban Banki ya riƙa sayen fili a jaridun ƙasashen waje yana shelar cewa ba shi ya rubuta su ba. Da imel ya zo, sana'ar ta koma can. Abin da ya biyo baya shi ne, wasiƙar da ta fito daga ƙasar nan a kan dube ta sau biyu kafin a gaskata. Ɗan kasuwar Dawanau da ke ciniki da masu sayen riɗi a Turkiyya ko Japan, ko masu sayen zoɓo a Meziko, jarinsa na farko shi ne amincin sunansa. In mai saye ya ga wasiƙar banza ɗauke da wannan suna, ba zai tsaya binciken wanda ya liƙa shi ba.

IN ƁERA NA DA SATA

Ba mai aron suna kaɗai ke da laifi ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Gidan wayar da aka kai wa wasiƙa yana da hanya biyu in ya ga ba ta da mai karɓa. Ta farko, tun mai kawowa yana tsaye a bakin ƙofa a ce masa, ba mu da mai wannan suna, koma da kayanka. Lambar wannan amsa 550. Wasiƙa ta zauna a hannun wanda ya kawo ta, in kuwa injin mai wasiƙun banza ne, sai ya yar da ita ya wuce gaba, ba wanda ya ji. Ta biyu, a karɓi wasiƙa a ce an gode, mai kawowa ya tafi, sa'an nan daga baya a duba a ga ba mai ita. Yanzu ba sauran wanda za a mayar wa sai sunan da ke kan ambulan, sunan nan kuwa na aro ne. Daga wannan hanya ta biyu yawancin ƙaiƙayin ke tashi.

Haka kuma injin da a ke sa wa ya amsa kowace wasiƙa da cewa maigida ya yi tafiya, da wanda ke rubuta wa mai aikawa gargaɗi in ya ga cuta cikin wasiƙa, duk suna ƙara wa marar laifi kaya in ba a daidaita su ba. Gidan wayar da ya yawaita wannan hali shi ma ya kan shiga baƙin littafi, waɗansu gidaje su daina karɓar wasiƙunsa.

ABIN DA AKAWU KO MALAMI ZAI YI

Da fari, kada a firgita, kada kuma a yi saurin zargin abokin aiki. A fara rarrabewa tsakanin abu biyu: aron suna, da shiga akwati. Aron suna shi ne wanda mu ka bayyana. Shiga akwati kuwa shi ne wani ya sami kalmar sirrinka yana aika wasiƙu daga cikin akwatinka na ainihi, wannan ya fi muni nesa. Alamarsa ita ce, sunayen da wasiƙu ke komowa daga gare su na mutanen da ka sani ne, ko ka ga baƙin wasiƙu cikin jakar waɗanda aka aika. Amma kada ka dogara da jakar nan kaɗai, don ɓarawo ya kan share sawunsa. Gmail da Yahoo da Outlook duk suna da wurin da ke nuna na'urorin da aka shiga akwati da su, da lokacin, da ƙasar. Duba can. In akwai shakka ko kaɗan, sake kalmar sirri, ka kunna tabbaci na biyu, wanda ba a shiga sai an tabbatar ta wayarka, ka kuma duba ko an sa akwatin ya riƙa tura kwafin wasiƙunka wani wuri a ɓoye.

Na biyu, nemi hatimi. Takardar komowa ta kan zo da kan wasiƙar da aka ce ka aika. A ciki akwai layuka masu farawa da kalmar Received, kowane gidan waya da wasiƙa ta ratsa ya kan ƙara nasa a sama, da sunan injin da ya miƙo ta da lambarsa. Waɗannan su ne hatimin gari da kwanan wata. Maƙaryaci yana iya ƙaga na ƙasa, amma wanda gidan da ya karɓa ya buga da kansa ba ya hannunsa. In ya nuna wasiƙar ta taso daga wani inji da ba na gidan wayarka ba, to ka sami shaidar da za ka nuna wa shugabanka. Ajiye biyu ko uku cikin fayil, kamar yadda a ke ajiye kowace takardar shaida.

Na uku, kada ka amsa wa injin, ba mai ji a can. Kada ka buɗe takardar da aka maƙala, kada ka latsa wani rubutu da aka ce ka latsa don a saki wasiƙunka. Mayaudara sun gane mutane na gaskata takardar komowa, saboda haka su kan ƙera ta jabu don su karɓi kalmar sirri.

Na huɗu, shi ne inda mutane da yawa ke kuskure. Haushi ya kan sa mutum ya umurci akwatinsa ya share duk abin da ya fito daga Mailer-Daemon. Kada ka yi. Cikin ɗaruruwan nan watakila akwai guda ɗaya ta gaskiya, mai gaya maka cewa takardar kuɗin kaya da ka aika jiya ba ta isa ba don ka ɓata harafi ɗaya a adireshi, ko sunayen ɗaliban da ka tura sun maƙale don akwatin can ya cika. In ka share ta, kai kana jiran amsa, su suna jiran takarda, har ranar rufewa ta wuce. Abin yi shi ne ka buɗe jaka dabam, ka sa akwatin ya riƙa zuba su can, kullum kafin a tashi ka bi su da ido. Ta gaskiya ba ta da wuyar ganewa: sunan wanda ka rubuta wa ne, kan maganar naka ne, kuma yawanci ta kan zo jim kaɗan bayan ka aika.

Na biyar, sanar da waɗanda ku ke hulɗa da su, ta waya in ya yiwu, cewa ana aron sunanku. A gaya wa kowane mai saye da kowane uban ɗalibi cewa duk wasiƙar da ta ce an sake lambar asusun banki, kada a biya sai an kira lambar wayar da aka sani tun da, an ji daga baki. Mutumin da ya rubuto da zagi kuwa, layi biyu na bayani cikin ladabi sun isa. Sa'an nan a yi haƙuri. Yawanci ruwan ya kan ɗauke cikin 'yan kwanaki, in masu abin sun koma kan sunan wani. Ba a ƙaura daga gida don ƙura ta shiga, sake adireshi asararsa ta fi amfaninsa.

ABIN DA SHUGABAN OFIS ZAI SA A YI

Mai amfani da Gmail ko Yahoo iyakarsa ke nan, sauran aikin na kamfanonin ne. Amma ofis ko makaranta ko kamfanin da ke da sunan gida nasa na kansa, watau abin da ke bayan alamar @, irin masu ƙarewa da .ng waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsu, yana da ƙyaure uku da zai sa. Ba sai shugaba ya iya sa su da hannunsa ba, amma wajibi ne ya san sunansu, don ya tambayi wanda a ke biya ya kula da imel ɗin ofis.

Na farko SPF, wanda aka buga ƙa'idarsa a 2006, aka sabunta a 2014. Shela ce da mai gida ke rubutawa cikin kundin sunayen intanet, yana cewa ga injunan da na yarda su aika wasiƙa da sunana, ban da su ba ni ba ne. Kamar Hakimi ne ya sanar da dagatai sunayen manzanninsa. Sunan kan ambulan ya ke karewa, saboda haka shi ya fi kusa da ciwon da mu ke magana: gidan da ya duba shelar zai kori wasiƙar aro tun a ƙofa. Na biyu DKIM, na 2007, hatimi ne na lissafi da gidan wayarka ke buga wa kowace wasiƙa, wanda kowa na iya gwada shi amma ba mai iya ƙera irinsa sai mai mabuɗin. Na uku DMARC, wanda manyan kamfanonin imel su ka fito da shi a 2012. Shi ke kare sunan da mai karatu ke gani, yana kuma gaya wa sauran gidaje abin da za su yi da wasiƙar da ta faɗi gwaji: ko su bar ta su kawo rahoto kawai, ko su ware ta, ko su ƙi ta. Hikima ita ce a fara da neman rahoto, a ga duk hanyoyin da wasiƙun ofis na gaskiya ke fita, sa'an nan a tsananta. Wanda ya fara da ƙi, ya kan wayi gari ya kori nasa manzo.

Wannan ya wuce ado yanzu. Tun watan Fabrairu 2024 Google da Yahoo su ka tsananta sharuɗɗansu: mai aika wa mutanensu wasiƙa sai yana da SPF ko DKIM, mai aikawa da yawa kuwa, wanda Google ta ƙayyade da wasiƙa 5,000 a rana, sai ya haɗa duka ukun. Ko makarantar da ke da sunan gida amma ba ta aika wasiƙa da shi, ya kamata ta rubuta shelar cewa ba wanda aka ba izini, don kangon da ba kowa shi ɓarayi su ka fi so.

Sauran abu uku ƙanana ne. A rufe tsarin nan da ke karɓar duk wasiƙar da ta zo gidan ko da sunan da ke gaban @ ba na kowa ba ne, don shi ke mai da yayyafi ambaliya. A tambaya ko injin ofis na iya sa wa ambulan kowace wasiƙa mai fita wata alama ta sirri, dabarar da a ke kira BATV, yadda duk takardar komowa da ta zo ba alamar za a san ba tamu ba ce. Sa'an nan a tabbata injin ofis ɗin kansa yana ƙin wasiƙa a bakin ƙofa, ba ya karɓa ya mayar, don kada mu ma mu zuba wa wani abin da mu ke kuka da shi.

Gaskiya ita ce duk waɗannan ba su kashe abin ɗungum, domin shela ba ta aiki sai ga wanda ya karanta ta, kuma har yanzu akwai gidajen waya da ba su dubawa. Amma suna rage shi ƙwarai, suna kuma sa sunanka ya zama marar amfani ga mai aro, ya bar shi ya nemi wanda ba a tsare ba.

In an yi amfani da sunan ofis an karɓi kuɗin wani, magana ta wuce gyaran inji. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta sojan gona da sunan wani, da yaudarar mutane don karɓar bayanansu. Sai a kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, a tafi da wasiƙun nan da aka ajiye, da kawunansu cikakku, don hoton fuskar waya kaɗai ba ya nuna hanyar da wasiƙa ta bi.

Akawun da, in ya tashi daga aiki, sai ya kulle hatimin ofis cikin akwatin ƙarfe, ya rataya mabuɗin a wuyansa, don ya san duk takardar da ta fita da hatimin nan ofis ne ya yi magana. Adireshin imel shi ne hatimin yau, sai dai shi ba ya shiga akwatin ƙarfe. Tsaronsa shi ne a san yadda a ke aronsa, a rubuta shelar da ke tona mai aro, a kuma dubi hatimin hanya kafin a ɗora wa wani laifi. Shugaban da ya kira akawunsa ran Litinin, ya fara tambayarsa daga ina wasiƙar ta taso, kafin ya tambaye shi don me ya aika ta.